Abin da Mai Miya Ya Ce

Ranar Juma'ar nan da ta wuce, mun dawo daga masallaci ke nan, samarin benenmu na Al Qusais, a nan Dubai, suka tare ni a bakin lif. Nura, wani Bazazzagi mai karatun kwamfuta, shi ya miƙo min waya yana wani murmushi.

"Kawu Danjuma, dubi nan. Ka sa fim, ka danna, ya fito da Hausa. Khalas, an gama. To wahalar me kuka sha shekara da shekaru?"

Na kara a kunne ina leƙen allon. Wani soja ne aka harba a ciki, yana kwance cikin taɓo, amma muryar da na'ura ta ba shi tas take, ba gargada ba haki, kai ka ce sanarwar ɗaurin aure yake karantawa a rediyo. Na mayar masa da wayarsa na ce Allah ya yi albarka, dama Bazazzagi ba ya rasa hanyar gudun aiki. Suka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni har ɗaki ta ƙi sauka. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, don na san in da baki ne, kafin in kai rabi idonku ya koma kan waya.

Sana'ata fassarar fim. Ni ne muryar da kuka ji kuna yara tana fitowa daga bakin Ba'indiye da ɗan Caina da Bature, mace da namiji, tsoho da yaro. Na koye ta a Fage, a gidan kallon Malam Inuwa, wata rumfar kwano mai benci-benci da talabijin guda da janareta mai tari. A lokacin ba a ɗaukar murya a ajiye. Maigida zai zauna gefen talabijin da makirfo a hannu, fim na tafiya yana magana, kai tsaye, ba gyara. Ba ya jin Indiyanci, ba ya jin yaren Caina, Turancin ma tsinte-tsinte ne. Mutane ya sani, kuma shi ne jarinsa.

Aikin farko da ya ba ni ba magana ba ce. Ya kashe sautin talabijin ya ce in kalla, in gaya masa wa ke son wa, wa ke tsoron wa. Da na saba, ya buɗe sautin ya sa na ba allon baya, ya ce in saurara in nuna masa maƙaryaci a cikinsu. Na yi wata da watanni a haka, ina share rumfa, ina ɗauraye masa kofin shayi, ban taɓa makirfo ba. Ranar da ya fara miƙo min, fim ne na Amurka. Yaro ya dawo daga tafiya, ya faɗa ɗakin uwarsa, ya wuce ya buɗe firij. Na fassara abin da ya faɗa daidai. Maigida ya karɓe makirfon ya tsayar da kaset.

"Kai, ɗan wa ka ga ya shiga wurin uwarsa ba sallama? So kake su tsane shi tun yanzu, alhali shi ne jarumin?"

Ya mayar da kaset baya. Tsakanin buɗe ƙofa da buɗe firij ya cusa sallama, da "Inna, mun same ku lafiya," har da tambayar ƙafarta mai ciwo. Sai ga 'yan rumfa sun gyara zama, yaro ya koma ɗan halak a idonsu.

Babbar dokarsa kuwa ɗaya ce, ku riƙe ta, don labarin da zan ba ku a kanta ya rataya. Yakan ce, "Bakin da ya motsa yunwa yake ji, ka sa masa magana." Bahaushe mai kallo zai yafe maka in ka ƙara, zai yafe maka in ka karkace, amma in ya ga leɓe na motsi bai ji komai ba, to ka cuce shi, ka ɓoye masa wani abu. A rumfar Fage da tukar rake ake jifan mai yin haka. Da wannan dokar na ci abinci tun ina saurayi har furfura ta fito min.

Kaset ya mutu, faifai ya zo, shi ma ya bi shi, aka koma memori. Wani ɗan kasuwa ya kawo ni Dubai, don a lokacin nan fina-finai ke fara sauka, kayan aiki kuma da sauƙi. Ya ba ni ɗaki a ƙuryar sito, bayan kwalayen takalma. Kada ku ji an ce situdiyo ku hango gilashi da kujera mai juyawa. Kwalin ƙwai na manna a bango, na rataya barguna a ƙofa, na sa wa makirfo safa don kada numfashi ya buge shi. Makirfo ba ya rufa asiri, komai ya ji sai ya faɗa, kukan ciki ne, ƙarar esi ce, ko jirgin da ke sauka. Don haka esi dole a kashe shi in za a ɗauka. Ku hango ni a tsakiyar zafin garin nan, daga ni sai singileti da tawul a wuya, gumi na bin gwiwar hannu, ina muryar gimbiya tana kukan an raba ta da masoyi. In jirgi ya taso, gimbiya ta haɗiye kukanta ta jira ya wuce. Ruwan sanyi kuwa na haramta wa kaina shi. Zuma da citta da kanumfari a filas, su ne abokan zamana.

Masu sayen aikina 'yan kasuwar Naif ne, masu sarin jaka da takalmi, su haɗa da fim a aljihu su kai gida a zuba wa mutane a waya. Kowa da tasa. Wannan ya ce a ƙara barkwanci, wancan ya ce a rage soyayya akwai yara a gida. Wani Bakano ya taɓa sa ni na ba mugun da ke cikin fim Hausar Zazzau, Nura ka yi haƙuri, kuma wallahi ya yi ciniki.

Fim ɗin yaƙi na da kasuwa, amma ban da na Jamus. Na Amurka jarumi zai ci gari ya dawo a rungume shi. Bajamushe kuwa in ya tashi yin fim ɗin yaƙi ya riga ya san ƙarshen, kuma ƙarshen ba nasa ba ne. Ba mai nasara, ba kiɗan murna, sai mutane suna ta raguwa. Abin da ke ba ni mamaki da su, ba sa gajiya da maimaitawa. Fim ɗin da kakanni suka yi a baƙi da fari, jikoki za su sake ɗauko shi su yi da launi, kamar wanda ya yi mugun mafarki yake ta ba da labarinsa ko zai sake shi. Na fassara irin waɗannan tagwayen da dama, tsoho da sabo, har na san halinsu. A tsohon kyamara wuri guda take tsayawa ta zuba ido. 'Yan wasan ramammu ne na gaske, wuyan rigar soja na yawo a wuyansu, ka kalli idonsu ka san wasu sun ga abin da kansu. Ba a cika nuna jini ba, sai a nuna maka takalmi a bakin rami ka ƙarasa sauran. A sabon kuwa an shafa wa ƙosassun yara taɓo a fuska, haƙora fari fat, kyamara na shawagi a sama, bom na tashi har ka ji a ƙirjinka, ga kiɗa na gaya maka lokacin kuka ya yi. Ban ce sabon ba shi da nasa ba. Jikokin sun fi kakannin ƙarfin halin cewa mu muka jawo. Suna nuna garuruwan da aka ƙone da matan da aka bari, abin da tsofaffin kan kau da kai su wuce. Amma ga mai fassara, sabon fim ɗin hutu ne, kowa na ihu, kowa na bayani. Tsohon ne mai wuya, don rabinsa shiru ne, mu kuwa an tashe mu da tsoron shiru.

Sai shekarar korona ta zo. Jirage suka tsaya, aka rufe Naif, layin da ba ka samun wurin sa ƙafa ya koma na kuliyoyi. Ba ɗan kasuwa, ba fim. Ciwon ya kama ni ni ma ya kwantar, da ya tashi tafiya ya tafi min da kayan aiki. Da ina da muryoyi jingim a maƙogwaro, ta gimbiya, ta tsohuwa, ta yaro, ta mugu mai dariya. Na tashi da guda ɗaya, mai kauri, a dushe, kamar ana jan buhu a siminti. Na gwada gimbiya, abin da ya fito ni kaina sai da na tsorata. Da aka buɗe gari sai na koma naɗa wa kwalaye salatif a wurin kago, inda ake tura kaya gida, ina rubuta suna da gari a jiki. Lokacin sanyi ne. Da safe hazo kan taso daga teku ya cinye gindin dogayen benaye, su tsaya a sama ba ƙafa. Ina cikin jirgin metro ina kallonsu, sai in ga garin duka ya koma baƙi da fari. In kama kaina ina sa wa mutanen da ke tsaye a tasha magana a baki, a zuci, da muryoyin da ba ni da su kuma. Na yi kewar aikin nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

A wurin kagon Hajiya Bilki ta same ni. 'Yar Kaduna ce mai sarin jakunkunan mata, ta san ni tun ina da gimbiya a wuya. Ta ce mahaifinta ta kawo asibitin ido, likita ya duba ya ce abin da ya tafi ya tafi, ɗan hasken da ya rage ma ba zai daɗe ba.

"Malam Danjuma, wani fim yake son gani kafin idon ya rufe. Na Jamus ne, na wani soja mai goyon tukunya. Yara sun nemo masa, ya kalla ya ce ba shi ba ne. Wallahi ya hana mu sakat."

Na ce mata muryata ta mutu. Ta ce to in zo dai in gaishe shi, ai gaisuwa ba ta buƙatar gimbiya.

Alhaji Sale dogon tsoho ne, na same shi a wani ɗan filat a saman shaguna, yana zaune bakin taga ya ba haske fuska. Bayan mun gaisa ya ba ni labari. Ya ce suna yara wasu Jamusawa sun zo Kaduna aikin gini, suna da sansani a bayan gari. Ranar Asabar sukan ɗaura farin ƙyalle tsakanin itatuwa su haska wa kansu majigi. Shi da yayansa Garba sukan hau mangwaron da ke bayan shinge su kalla daga nesa, ƙwari na yawo cikin hasken, sauti na zuwa yana komawa yadda iska ta ga dama. A nan suka ga fim ɗin.

Labarin wani soja ne da ba ya harbi. Aikinsa kullum da yamma ya goya tukunyar miya daga kicin na baya, ya ratsa daji cikin dusar ƙanƙara, ya kai wa 'yan'uwansa da ke cikin ramuka. Da farko miya ba ta isa, ana rige-rige, ana zaginsa. Kwanaki na tafiya, miya ta fara isa. Sannan ta fara yin saura a gindin tukunya, ya koma da ita. A ƙarshe ya iso da tukunya cike ya tarar ba kowa. Ya tattaro kwanukansu ya jera a bakin rami, ya zuba wa kowanne, ya zauna, ya ɗaga kai, bakinsa ya motsa. Fim ya ƙare.

Alhaji ya ci gaba, "Na ce, Yaya, me ya ce? Ya ce shi ma bai ji ba, amma ya san kukun Jamusawan, zai tambayo min. To ba a jima ba aka fara ɗibar soja, yaƙin basasa. Ya tafi bai tambayo ba."

Ya shafa gwiwa.

"Ba gawa, ba wanda ya ce ya ga inda ya faɗi. Innarmu kullum in ta kwashe tuwo sai ta zuba nasa a kwanonsa ta rufe da faifai. Da safe ta ɗumama ta ba ni. Da tuwon Yaya Garba na girma, Malam. Abin da mai miyar nan ya ce kawai nake son ji, da Hausa, ina kallon bakinsa. Shi ke nan."

Na tambaye shi me ya sa ya ƙi wanda yara suka kawo. Na san shi, sabon ne, na launi. A cikinsa mai miya kyakkyawan saurayi ne mai hoton budurwa a aljihu. A ƙarshe da ya tarar ba kowa, sai ya hankaɗe tukunyar da ƙafa, ya miƙe ya yi dogon jawabi yana tsine wa manyan da suka tura su, ya ɗauki bindiga ya ruga cikin hayaƙi. Jawabin ma mai kyau ne, na yarda.

"Wancan bai zubar da abinci ba," in ji Alhaji. "Wa ke zubar da abinci?"

Da Hajiya Bilki ta rako ni bakin matakala ta ce min tun da kakarsu ta rasu, Baba ya gaji kwanon. A gidansu ba a zuba abinci sai da ƙarin kwano ɗaya a rufe. Ko a nan Dubai haka suke yi, da safe ta miƙa wa mai gadin bene sadaka. Ta faɗa ne kamar mai faɗin farashin jaka, ta saba.

Tsohon fim ɗin a unguwar Satwa na samo shi, wurin wani dattijo ɗan Indiya da ke da shagon tsofaffin faya-fayai tsakanin teloli, ba mai shiga sai irina. Akwai rubutun Turanci a ƙasa, da shi zan yi aiki, don ni Jamusancina bai wuce Indiyancin Maigida ba. Na koma ɗakin sito na buɗe. Kwalayen ƙwai rabi sun zubo, na sake mannawa, na wanke safar makirfo na shanya. Da na kunna na gwada layin farko, sai na tsaya ina sauraren kaina. Ashe fim ɗin ba gimbiya a cikinsa. Maza ne zalla, masu yunwa, masu mura, sanyi ya dusashe su. Muryar da ciwo ya bar min ita ce tasu. Abin da ya rage in bambanta su, kuma da numfashi na yi. Wannan mai saurin magana ne yana haɗiye ƙarshen kalma, wancan sai ya ja iska ta hanci kafin ya fara, kofur kuwa ta cikin haƙori yake magana. Na sa musu gaisuwa yadda aka koya min. In mai miya ya leƙo rami ya ce, "Sannunku da sanyi," su amsa, "Sannu da hanya, yau ma ruwa ka kawo mana?"

Kwanakin nan ban san a wace ƙasa nake ba. Esi a kashe, gumi na zuba, amma ƙanƙara na sauka a gabana a hankali ba ƙara, har in ji yatsuna sun yi sanyi. In fito sallar azahar rana ta mare ni, in tsaya ina mamakin ina itatuwan suka tafi. Na bi mutumin nan da tukunyarsa har na fara jin nauyinta a kafaɗa. Na lura da abin da sabon fim ya manta gaba ɗaya, wato tafiyarsa ta dawowa. Ranar da tukunya ta ƙare tas, da sauri yake komawa yana fito. Ranar da ya dawo da saura, sai ka ga ƙafar na ja. Ba wanda ya ce maka an mutu, nauyin tukunya ne ke gaya maka.

Sai na iso ƙarshe. Ya jera kwanuka, ya zuba, ya zauna, ya ɗaga kai, baki ya motsa. Na duba ƙasan allo, ba rubutu. Na ƙure sauti, ba abin da ke ciki sai iska. Na ɗauki kwamfuta na nufi wurin Musa Jamus, mutumin Damagaram ne da ya daɗe yana tuƙin babbar mota a Jamus kafin ya dawo harkar kago. Ya toshe kunne da abin ji, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

"Malam, rien. Babu komai, iska ce. Mai fim ɗin da gangan ya cire. Leɓen ma gemu ya rufe rabi, ko uwar da ta haife shi ba ta karanta shi."

"To kai me kake jin ya ce?"

"Ni direba ne, mon frère, ɗan'uwana. Yalla, kai ne mai sa wa mutane magana a baki."

Na koma na fara da abin da ya fi sauƙi, na aro jawabin sabon na ɗora. Baki ya rufe, murya na nan tana tsinuwa. Na datse shi ya zo daidai, amma duk da haka bai zauna ba, don mutumin da ya gama zuba miya a hankali, yana goge bakin kwano da yatsa, ba shi ne mai wannan zagin ba. Na gwada addu'a. Na gwada, "Ina kuka tafi kuka bar ni?" Na gwada har da ban-kwana. Duk wadda na sa, in na mayar na kalla sai in ga fuskar ta tofar da ita. Maigida na kunnena yana cewa ga baki na jin yunwa ka tsaya kallo. Ni kuwa ina tuna tsohon da ke bakin taga. In na ce masa ba a ce komai ba, na sallame shi hannu wofi bayan jiran da ya yi tun yana kan mangwaro. In na ƙirƙira, zai ɗauki ƙaryata ya koma da ita Kaduna a matsayin saƙon da yayansa bai kawo ba, ya riƙe ta har kabari. Na sha yi wa fim ƙari ban ji komai ba, amma wannan ya ba ni tsoro.

Nura zai ce ai wayarsa ma shiru za ta yi a wurin, ba tare da ta yi gumi ba. Gaskiyarsa. Sai dai ita ba ta san akwai tsoho a gefenta ba. Abin da na yi, na bar wurin fayau a ɗauka, na ɗauki makirfo da ƙaramar lasifika na sa a jaka. Na ce zan yi irin ta Fage, kai tsaye. A rumfa Allah bai taɓa barina ba abin faɗa ba, in lokacin ya zo zai sa min wani abu a baki.

Bayan la'asar muka zauna. Hajiya Bilki ta aro babban talabijin wurin maƙwabta, ta ja labule, ta matsar wa Alhaji kujera har gwiwarsa na kusan taɓa teburin. Daga ƙasa ana jiyo masu tura kaya suna yalla yalla. Ni na zauna a gefensa da makirfo a cinya. Fim na farawa ya miƙa wuya.

"Shi ne. Ga itacen nan mai reshe biyu. Wallahi shi ne."

Ya yi dariya da aka fara rige-rigen miya, ya ce kofur ɗin nan tun a wancan lokacin bai yarda da shi ba. Da mai miya ya ce sannunku da sanyi, har amsawa ya yi. Amma da miya ta fara yin saura a tukunya sai ya daina magana. Hajiya ta shiga kicin, ƙamshin miyar kukar da ta taho da ita daga gida ya cika ɗakin, ya haɗu da tururin da ke tashi a allo, har na rasa wanne nake shaƙa. Hasken ƙanƙara na kan fuskar tsohon, idanunsa a buɗe ba ƙiftawa, yana tattara abin da za su iya ɗauka.

Mai miya ya iso ya tarar ba kowa. Ya jera kwanuka. Ya zuba. Na ɗaga makirfo na kunna. Ya zauna, ya ɗaga kai. Na buɗe baki, na ja numfashi, ba abin da ya zo. Tun ranar da Maigida ya fara miƙo min makirfo ban taɓa ganin haka ba. Leɓen ya fara motsi, iska kawai ke kaɗawa a lasifika.

Sai na ji murya a gefena, ƙasa-ƙasa.

"Bismillah. Ku matso, abinci ya sauka. Yaya Garba, bismillah."

Tare da leɓen ta fara, tare suka rufe. Na yi rayuwata ina auna magana da baki, ban taɓa dacewa haka ba. Allo ya yi duhu. Na kashe makirfo.

"Alhaji, gaskiya a wurin nan mai fim ɗin bai sa..."

Ya ɗaga min hannu.

"Na sani, Malam, na ji iskar. To me kuma zai ce? Mutum ya kawo abinci, ya zuba." Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. "Ya kira su, ba su zo ba. Shi dai ya yi nasa."

Hajiya Bilki ta buɗe labule. Ta shimfiɗa leda a ƙasa, ta kama mahaifinta ya sauko, ta kawo tuwo da miya ta jera. Ya miƙa hannu yana laluben bakin kwanukan ɗaya bayan ɗaya, nasa, nawa, nata, har yatsunsa suka kai kan wanda aka rufe. Ya daɗe da hannu a kan murfin.

"Bilki."

"Na'am, Baba."

"Ɗauke wannan. Mu uku ne."